Wuƙar Chana da ta daina zama abin raini: nazarin lamarin Civivi a idon masu tara wuƙaƙe na Kaduna

A garin nan na Kaduna akwai wasu 'yan tsiraru da sha'awarsu ita ce tara wuƙaƙe, ni ma ina cikinsu, kuma tun kafin wani ya fara mana kallon 'yan shara bari in faɗa, mu a wajenmu wuƙa kayan aiki ce kuma kayan ƙira ce da ake dubawa a yaba hannun da ya yi ta, kamar dai yadda wani yake kiwon tantabaru ya san kowacce da launinta da asalinta. A gida muke ajiye su cikin akwati, ba a ƙugu muke yawo da su ba, domin duk wanda ya san halin da garin nan ya shiga ya san wuƙa a aljihu a bakin shingen jami'an tsaro ba ƙaramin bayani take buƙata ba. Cikinmu akwai ɗan kasuwa, akwai malamin makaranta, akwai injiniya, akwai dattijon da ya yi aikin masaƙa a Kakuri tun lokacin da masaƙun suna gudu dare da rana.

Lamari ɗaya nake so in zauna a kansa, wato yadda ra'ayin mutanenmu ya juya game da kamfani guda na ƙasar Sin mai suna Civivi, daga raini zuwa girmamawa, me aka gani da ido har aka sauko, kuma a ina ne har yau ake ja-in-ja.

Inda rainin ya samo asali

Rainin nan ba haka kawai ya faɗo ba, yana da dalili. Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Gumi ko ya tsaya gaban masu baro a Kawo ranar Talata ya san irin wuƙaƙen nan masu naɗewa da ake zubawa a faifai, sai ƙyalli, an zana musu dodo ko mikiya a jiki, babu sunan kamfani babu komai. Ka buɗe ta sau kaɗan ta fara girgiza a gindi, ka yanka igiya da kwali bakinta ya kwanta, makullin da ya kamata ya riƙe ta a buɗe kuwa ka ɗan danna bayanta sai ta rufo maka a yatsa. Yawancin irinsu ƙarfen da ake yi da shi shi ne irin su 3Cr13, kabon ɗin da ke ciki wajen kashi 0.3 cikin 100 ne kawai, toh ƙarfe mai ƙarancin kabon haka ko an gasa shi da kyau ba zai riƙe kaifi ya daɗe ba, balle kuma in ba a gasa shi da kyau ba. Da wannan muka taso, shi ya sa in aka ce wuƙa 'yar Chana ce magana ta ƙare.

Ma'aunin da manyanmu suke auna wuƙa da shi kuwa Okapi ne. Wuƙar nan mai zobe a baya da wata da tauraro a mariƙi, a Solingen ta ƙasar Jamus aka fara ƙera ta a 1902 domin kasuwar Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Dattijon namu na Kakuri yana da tsofaffinta na Jamus ya naɗe a ƙyalle yana shafa musu mai, wasu kuma da suke hulɗa da Maraɗi da Damagaram suna da Opinel ta Faransa mai mariƙin katako. Ranar da wani matashi cikinmu ya fara kawo Civivi majalisa, dattijon ko karɓa bai yi ba, cewa ya yi "kai yaro, ɗan Chana ai ɗan Chana ne, ka bari ta ga damina ɗaya tukuna." Yaron yace "Baba ka dai riƙe ta ka ji," dattijon yace a'a shi ba ya buƙata.

Su waye Civivi

Civivi reshe ne na wani kamfani mai suna WE Knife da ke garin Yangjiang a lardin Guangdong. Garin nan shi ne cibiyar ƙirar wuƙa da almakashi a ƙasar Sin, har baje kolin wuƙaƙe suke yi duk shekara, kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shine gari ɗaya ne yake fitar da tarkacen baro kuma yake fitar da wuƙar da ake sayarwa ɗaruruwan daloli a Amurka, bambancin yana wajen wanda ya ba da oda da kuɗin da ya yarda ya biya. WE sun daɗe suna ƙera wa wasu kamfanonin waje kaya ana buga sunan wasu a kai kafin su fito da nasu sunan, da wuƙaƙe masu tsada masu mariƙin titaniyam. A 2018 suka fito da Civivi domin mai ƙaramin ƙarfi, injinan da ma'aikatan na gida ɗaya ne amma an sauƙaƙa kayan haɗi. Na farko-farko irin su Praxis da ƙarfen 9Cr18MoV suka zo, kabon kusan kashi 0.9, kuromiyam mai hana tsatsa kusan kashi 18, kaga tun daga nan an yi wa na baro nisa. A 2019 suka saki Elementum, 'yar madaidaiciya mai tsawon baki kusan santimita 7.5, ƙarfen D2, farashi wajen dala 50, kuma gaskiya ita ce ta buɗe musu ƙofa a duniya, ita ce ma ta fara shigowa hannunmu a nan.

Abin da aka gani da aka duba kusa

In mai tara wuƙa ya karɓi sabuwa ba kaifi yake fara dubawa ba, kaifi kowa yana iya sa wa. Rufe ta yake yi ya ɗaga ta sama ya leƙa ta baya ya ga ko bakin ya kwanta daidai tsakiyar mariƙi ko ya karkata yana gogar gefe ɗaya. Sai ya buɗe ya kama tsinin da yatsa biyu a hankali ya girgiza hagu da dama, sama da ƙasa, yana jin ko akwai motsi ko kaɗan. Sai ya bi gefen mariƙin da tafin babban yatsa yana neman inda aka bar kaushi ko inda roba da ƙarfe ba su haɗu ba. Elementum ɗin nan duk ta wuce waɗannan, ka taɓa ɗan harshen da ke bayanta sai ta fita fit ta tsaya cak, saboda ƙananan boris ne a gindinta take juyawa a kai, kuma an fafe cikin ƙarfen ta gefe biyu ya yi siriri sosai kafin a iso baki, shi ya sa in ka sa ta a albasa ko fata ba turawa kake ba, shiga take yi da kanta.

Amma wuƙa ɗaya mai kyau ba hujja ba ce, ko a baro wani lokacin kana dace. Abin da ya kashe bakin masu musu shine da aka samu mutane daban-daban sun sayi samfuri ɗaya a lokuta daban-daban ta hannu daban-daban, wani ɗan uwansa ya taho masa da ita daga Dubai, wani ta intanet ya yi oda, aka jera su a kan tabarma aka duba, sai aka ga kamar rana ɗaya hannu ɗaya ya yi su. Faɗin wasan da ke baki ɗaya, ƙarfin makulli ɗaya, ƙarar buɗewa ɗaya. Injiniyan da ke cikinmu shi ya fi kowa nacewa a kan wannan, kullum cewa yake inganci ba shine ka yi abu mai kyau sau ɗaya ba, shine ta dubu ta fito kamar ta farko, kuma ni a nan na tsaya, wannan daidaito shine ainihin abin da ya canza.

Sai kuma gashin ƙarfe a wuta, wanda ido ba ya gani. D2 sai an kai shi zafin da ya haura digiri 1,000 a sanyaya shi, sannan a sake mayar da shi wuta mara zafi sosai domin ya saki tsananin tauri kada ya riƙa ɓallewa. In aka kuskure ko ɗaya sunan D2 ba zai amfana komai ba, kuma akwai wuƙaƙe da yawa a kasuwa da aka rubuta musu D2 amma in ka sa su aiki ba su fi na baro ba. Taurin da Civivi suke rubutawa a ma'aunin Rockwell yana kaiwa tsakanin 58 zuwa 61 gwargwadon ƙarfen. Mu ba mu da na'urar auna wannan a majalisa, abin da muke da shi shine aiki.

Gwajin layya

A shekarun da wuƙar nan ta shigo hannunmu Babbar Sallah a cikin damina take faɗowa, Yuni ko Yuli, kuma nan ne kowa yake fito da abin da yake alfahari da shi. Ba a yanka da irin wannan wuƙa, ta yi gajarta, kuma duk mun san hadisin da ya ce in za ku yi yanka ku kyautata, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa, toh yanka na doguwar wuƙa ne. Amma fiɗa da gyaran nama nan aka gwada Elementum ɗin. Aka miƙa wa wani mahauci da yake zuwa mana daga Zango, mutumin da ya tsufa a fawa, ya juya ta ya gwada a gashin hannunsa ya yi shiru, ya kama rago da ita. Ya gama ragon tas ya shiga na biyu bai nemi dutse ba, alhali tasa wuƙar ta maƙera bini-bini sai ya goga. Fatar dabba da ƙasa da yashi a jikinta, ita ce take cinye kaifi, kuma a nan D2 ya nuna kansa domin yana cike da ƙwayoyin kabaid masu tauri da ba sa saurin gogewa.

Da ya gama mai wuƙar yace "Kawu ya ka gani?" Yace "Alhaji wuƙarka tana da ci, ban taɓa riƙe mai naɗewa irinta ba, amma ni ba zan yi sana'a da ita ba." Dalilansa kuma masu ƙarfi ne. Kitse da jini sun shiga gindinta sun cika boris ɗin, sai an kwance noti an wanke. Mariƙin ya yi masa ƙanƙanta in hannu ya yi maiƙo. Sannan babban dalili, yace tasa in ta dakushe goga biyu uku a dutse ta dawo, wannan kuwa ranar da ta mutu a tsakiyar aiki wa zai tashe ta.

Tambayar nan tasa ita ce ta fito da matsalar da muka daɗe muna fama da ita. D2 ba ya jin dutsen gida, kana gogawa kamar ba ka yi, sai da farantin wasa mai garin daimon ko haƙuri mai yawa. Wani cikinmu ya gaji ya kai tasa wajen masu wasa da inji a bakin titi, yaron ya danna ta a dutsen da ke gudu babu ruwa, tartsatsi na tashi, kan ka ce kwabo tsinin ya yi ruwan ƙasa ya koma shuɗi. Duk wanda ya san ƙarfe ya san in bakin wuƙa ya yi shuɗi zafin ya kai wajen digiri 300, gashin da aka yi a masana'anta ya tafi a wannan wurin. Wuƙar ta dawo da kaifi amma ba ta ƙara riƙe shi ba sai da aka cinye wajen da ya ƙone. Wallahi ranar na ji zafin abin, ba don kuɗin ba, don aikin da aka yi da lissafi ne aka ɓata cikin daƙiƙa kaɗan, kuma yaron ba mugunta ya yi ba, haka ya saba yi wa adda da gatari.

Ga kuma tsatsa. D2 yana da kuromiyam kusan kashi 12, amma da yake kabon ɗinsa ya kai kashi 1.5 yawancin kuromiyam ɗin ya ɗaure da kabon, ɗan abin da ya rage ba ya isa ya kare ƙarfen sosai. A hunturu ba za ka ga komai ba, amma ka yanka lemo ko nama a watan Agusta ka rufe ba ka goge ba, da safe za ka tarar da ɗigo-ɗigo. Wannan halin ƙarfen ne ko wane kamfani ya ƙera.

Canjin da na fi ɗauka da muhimmanci

Daga baya sai muka ga sababbin samfuran Civivi da yawa suna zuwa da wasu ƙarafan maimakon D2, wato 14C28N na ƙasar Suwidin da kuma Nitro-V, har ita kanta Elementum ɗin aka fitar da ta biyu mai makullin maɓalli da Nitro-V. Nan majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce ai wannan ci baya ne, D2 ya fi daɗewa da kaifi, kuma ba ƙarya suka yi ba in gogayya kawai za a auna. Ni kuma ina ganin nan ne kamfanin ya nuna ya girma. 14C28N kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 ne, kuromiyam 14, da ɗan naitirojin, ƙwayoyinsa ƙanana ne, toh ba ya saurin tsatsa, ba ya saurin ɓallewa in ya haɗu da ƙashi, kuma yana jin dutse, mutum da dutsensa na gida da ɗan ruwa zai dawo da shi ya aske gashi. D2 suna ne da yake sayar da kaya, kowa ya ji shi sai ya ce ƙarfe mai ƙarfi, kamfanin da ya yarda ya matsa daga sunan da ke kawo ciniki zuwa ƙarfen da ya fi yi wa mai amfani daidai, wannan ya san abin da yake yi. Ga mutumin Kaduna da damina take jiƙa shi daga Mayu zuwa Oktoba kuma ba kowa ke da farantin daimon ba, babu ma haɗi.

Wani abin da ya ƙara musu daraja a idonmu shine batun kwafi. Kamfanonin Sin da yawa sun yi suna ne da kwaikwayon ƙirar wasu, su kuwa Civivi sai suka riƙa ɗauko masu zane daga waje ana aiki tare ana bayyana sunan mai zanen, kamar Baby Banter da Ben Petersen ya zana. Mai tara wuƙa yana son ya san ƙirar da ke hannunsa ta halak ce.

Dattijon namu dai ya sauko, amma da sharaɗinsa. Bayan wuƙar yaron ta ga damina ba ɗaya ba ya karɓa ya buɗe ya rufe ya girgiza, yace "toh ɗana, wannan kam an yi aiki." Sai dai har yau yana cewa Okapi ɗinsa babu noti babu boris babu abin da zai ɓace, ko a ƙauyen da babu kanti za a gyara ta, kuma ban ga wanda ya iya ƙaryata shi ba.

Inda har yanzu ake ja-in-ja

Ƙurar hunturu ba ta shiri da boris. Daga Disamba zuwa Fabrairu in kana sa ta a aljihu za ka ji ta fara ƙaiƙayi in ana buɗewa, sai ka nemo ƙaramin sukundireba mai kan tauraro ka kwance ka wanke ka ɗiga mai, wasu cikinmu suna ganin da wosha aka sa maimakon boris da ta fi dacewa da ƙasarmu, ni ma na karkata nan. Wasu kuma suna ƙorafin samfuran sun yi yawa, kafin ka gama sanin wannan an fito da wani.

Kuɗi ma ya zama magana. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, wuƙar dala 50 ta tashi daga abin da matashi zai tara ya saya ta koma abin da sai an yi shawara da iyali, ban da kuɗin kawowa. Wannan ya buɗe wa 'yan jabu ƙofa, domin da zarar suna ya yi kyau sai an samu masu buga shi a kan tarkace. An taɓa kawo mana wata da tambari da kwali da 'yar jakar zif ɗinta komai, farashi ƙasa da rabi, da aka leƙa ta baya bakin ya jingina gefe ɗaya, notin ya yi laushi sukundireba na cinye kansa, aka yanka kwali kaɗan ta mutu. Wanda bai taɓa riƙe ta gaske ba in ya sayi wannan cewa zai yi ai dama an faɗa.

Abin da maƙerin Panteka ya ce

Akwai maƙerin da muke kai wa aiki a Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, da sifirin mota yake ƙera wuƙar yanka da ta fiɗa, kuma sifirin ƙarfe ne mai kyau, kabon ɗinsa yawanci wajen kashi 0.6, in an gasa shi daidai yana yin wuƙar da za a gada. Muka kai masa Elementum ya gani. Bai kula boris da ƙyalli ba ko kaɗan, ƙarfen ya kama tsakanin yatsa biyu ya ja daga baya zuwa baki yana jin yadda yake sirancewa, ya sake ja, sannan yace "ranka ya daɗe wannan sirantar zan iya, abin da ba zan iya maka alkawari ba shine wuta." Ya bayyana mana cewa shi da ido yake auna zafi, launin ƙarfe a cikin gawayi, kuma jan da yake gani da asuba ba shine jan da yake gani da rana tsaka ba, shi ya sa cikin wuƙaƙen da ya ƙera rana ɗaya wata ta fi wata, kuma shi kansa ya san hakan, yakan ware wadda ta fi ya ajiye wa wanda ya san darajarta.

Muka ba shi aikin wuƙar fiɗa da sifirin amma da irin waccan sirantar. Ta fito tana yanka abin mamaki, sai dai da ta taɓa ƙashi bakin ya ɗan ɓantare, alamar ta yi tauri da yawa ba a sassauta ta sosai ba bayan tsomawa a mai. Injiniyan namu ya kawo shawara biyu masu sauƙi, a riƙa gwada ƙarfen da maganaɗisu yana cikin wuta, domin in ya kai wajen digiri 770 yana daina kamawa, daga nan ɗan ƙari kaɗan ake buƙata kafin a tsoma, sannan bayan tsomawa a sa wuƙar a oban na girki a kan digiri 200 na awa biyu maimakon a sassauta ta a bakin wuta da ido. Maganaɗisun ya karɓa nan take, na tsohuwar sifika ya ɗaure a waya ya rataye kusa da zuga-zugi. Oban ɗin ne ya tsaya, na lantarki wuta ba ta zama awa biyu a jere a layinsu, na gas kuma zafinsa hawa da sauka yake yi, toh yanzu ma'aunin zafi na cikin oban muke nema mu haɗa masa da na gas ɗin, kuma mun bar masa sauran sifirin guda ya ajiye domin a sake gwadawa da ƙarfe iri ɗaya kafin layya mai zuwa.